Abin da na koya a lab ɗin ƙwaƙwalwa kafin in tattara kayana

Na bar aiki ƙarshen watan nan, kuma tunda 'yan uwa a Asawase da Aboabo sai tambayata suke me ya faru da aikin da nake ta yabo, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Duk wanda ya zauna a irin lab ɗinmu ya san yadda aka raine mu, da ka ga furotin ya dunƙule a cikin ƙwayar jijiya to cuta ce kawai. Kuma akwai dalili. Dunƙulen da Friedrich Lewy ya bayyana a 1912 a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson, sai a 1997 aka gano wani furotin mai suna alfa-sinuklin ne cike a ciki, a shekarar nan dai aka ga dunƙulen furotin hantingtin a ƙwayoyin masu cutar Huntington, a 2006 kuma furotin TDP-43 ya fito a cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi. Oganmu da wannan karatun ya taso, kuma a nan ya tsaya.

Ɓeraye kashi biyu gare mu, waɗanda aka ba guba mai taɓa ƙwayoyin jijiya da lafiyayyu na kwatance, shi kuma tun kafin a yanka ko ɗaya ya riga ya yanke cewa a marasa lafiyan kaɗai dunƙule zai fito. Ni aka ba yanka ƙwaƙwalwar da rini da antibodin HAP1, wato sinadarin da ke manne wa wani furotin mai suna HAP1 don a iya ganinsa. Da na zauna a maikroskop sai ga ɗigo-ɗigo zagayayyu, tsaf da su, ɗaya ko biyu a ƙwaya, a sassan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus da amigdala, kuma a lafiyayyun ma suna nan rututu. Na sake haɗa ruwa sabo na sake rini, na cire antibodin a wasu silaid don gwaji ɗigon ya ɓace, na mayar ya dawo.

A mitin ɗin Litinin na nuna hotunan. Oga bai bari na kai ƙarshe ba ya ce ko na cakuɗa silaid ko ruwan rinina da datti, wai ban san aikina ba, a gaban ɗaliban da ni na koya musu riƙe fifet, ɗan bututun auna ruwa. Wallahi faɗan na iya haɗiyewa, abin da har yau yake cina shi ne maikroskop ɗin yana ɗaki na gaba kuma bai tashi ya leƙa ba. Aka ɗauke ni daga aikin aka mayar da ni wankin kwalabe da share kejin ɓeraye, aka ba wani silaid ɗina.

Da dare a waya na riƙa bin takardu, sai na tarar abin da na gani yana da suna tun tuni. Koh Shinoda da abokan aikinsa a Japan sun bayyana shi a farkon shekarun 1990 a ƙwaƙwalwar lafiyayyun ɓeraye, suka kira shi sitigmoid, dunƙule ne mara fata a kewaye, girmansa bai wuce 'yan maikron ba (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), daga baya aka gano HAP1 ne a cikinsa. Shi HAP1 ɗin a 1995 aka gano shi, shekara biyu bayan gano ƙwayar gadon cutar Huntington, saboda yana manne wa hantingtin.

Nan ne abin ya kama ni sosai, don HAP1 ɗan aiki ne na gaske. Risefta, wato masu karɓar saƙo a bakin sinafs, mahaɗar ƙwayoyin jijiya, ba sa zama wuri ɗaya, kullum ana janye su cikin ƙwaya a ƙananan jakunkuna, wasu a mayar da su sama wasu a kai su a narkar, kuma yawan waɗanda ke sama a lokacin shi ke nuna ƙarfin saƙon. Jakunkunan nan wasu furotin masu aiki kamar motoci, kinisin da dainin, ke jan su a kan hanyoyin cikin ƙwaya da ake kira maikrotubul. In kinisin trotro ne, wato motar haya, to HAP1 shi ne metin da ke loda fasinja a tashar Kejetia. Josef Kittler da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa HAP1 yana hana a narkar da riseftan GABA-A, masu karɓar saƙon da ke kwantar da ƙwaya, yana taimaka musu su koma sama, a 2010 kuma suka nuna shi ke haɗa su da kinisin mai suna KIF5 har sinafs, in kuma hantingtin mai cutar ne a wurin tafiyar sai ta yi nauyi, riseftan su ragu, saƙon da ke kwantar da ƙwaya ya yi rauni. Ɓeran da aka cire wa HAP1 ma ba ya iya shan nono yadda ya kamata, bai daɗewa bayan haihuwa yake mutuwa. Wannan ne furotin ɗin da aka ce min datti ne.

Ko dunƙulen cutar ma maganar ba a miƙe take ba. A 2004 lab ɗin Steven Finkbeiner a Amurka ya bi ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ga waɗanda suka dunƙule hantingtin ɗinsu sun fi daɗewa a raye a kan waɗanda ya watsu a cikinsu.

Na buga takardun nan da kuɗina na ajiye masa a tebur na ce Oga don Allah a duba. Bai ce min uffan ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Sai da aka je wani taro a Accra wata abokiyar aiki ta turo min hoton fosta, hotunana ne a kai, har an rubuta sitigmoid a ƙasa, sunana kuma can a layin godiya da ƙananan baƙaƙe. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba. Kuma hasarar ta wuce sunana, antibodin da aka saya da dala aka jira watanni ya ƙare wajen neman tabbatar da abin da mutum ɗaya yake so, tambayar da ta dace kuwa, ko gubar ta rage riseftan GABA-A a saman ƙwaya ko ta sauya inda HAP1 yake zama, ba wanda ya yi ta.

Sauran darussan gajeru ne. Kowane hoto ka ajiye kwafinsa da kwanan wata a inda ba kwamfutar lab ba. Maganar sunan wa zai hau takarda a yi ta a rubuce kafin a fara yanka. In dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, firiza za ka fara dubawa kafin komai. Masu share lab da masu kula da ɓeraye ka girmama su, su ne suka tsaya min lokacin da masu digiri suka sunkuyar da kai.

Ƙanena da zai gaji bencin, silaid ɗin lafiyayyun ɓerayen suna akwatin da na rubuta wa HAP1 da fensir, littafin aikina yana tare da su, ka fara da haifotalamus, kuma ka nemi a zo a leƙa da ido kafin ka kai hoto mitin.