Sati uku a Chennai, ni da Kawu da "aiyo"

Shekaranjiya muka dawo daga Chennai, wani birni a kudancin Indiya, inda na raka Kawu aka yi masa aikin gwiwa, amma har yanzu "aiyo" ba ta fita daga kunnena ba.

A ƙofar asibiti na fara jin ta. Sandar Kawu ta zame, wata nas ta dafe ƙirji ta ce, "Aiyo!" Kawu ya waiwayo ya ce min, "Kai, wannan ba 'yar gida ba ce?" Ashe Tamil take yi, yaren mutanen garin. In an ji ciwo aiyo, kamar wayyonmu. In tausayi ya kama mutum ma aiyo, kamar ayya. Mai adaidaita sahun da ya yanka min rupi 300 na taya 150, shi ma aiyo ya fara saki, sannan ya kaɗa kai, irin kaɗawar nan tasu da ba ka gane e ce ko a'a. A 200 muka rabu. Keken rawaya ne sak na Kano, da mita a jiki, sai dai ban ga wanda ya kunna ta ba.

Mai gidan da muka kama haya tsohon malamin Turanci ne. Kullum da safe matarsa ta aiko mana da paniyaram, wanda in ba a faɗa maka ba ka rantse wainar shinkafa ce aka ƙanƙanta, kuma ko rupi ɗaya ba su ƙara mana a kuɗin ɗaki ba. Da na ba shi labarin nas ɗin, sai ya gyara zama. Ya ce tun 2016 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da aiyo, don haka yanzu Turanci ce. A 2017 kuma aka ƙara kalmomin Indiya 70 lokaci guda: achcha, wato "to, madalla", da jugaad, dabarar talaka ta gyaran abu da abin da ya samu, da anna, wato yaya, wadda suke kiran direba da ita don ya sassauta. Har abba na ciki. Na ce Baba, wannan ai a gidanmu ma Abba muke cewa.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yawancin kalmomin na Hindi ne, na mutanen arewacin Indiya. Achcha da yaar da muka haddace a finafinan Indiya, sau nawa na gwada su a kasuwa aka bi ni da kallo! Ya ce tun kafin a san da waɗannan kalmomin, Turawa suka kwashi curry da catamaran daga Tamil. Ni ma ban bari an bar mu a baya ba, na ce Kannywood ta shiga a 2020 tare da okada, daga baya suya ta bi. Suyar ya tsaya tambaya, da ya ji naman shanu ne, matarsa ta ce aiyo ta shige kicin.

Bakin tekun Marina sau ɗaya muka je, zafi ya koro mu. Magani ya fi na gida araha, tufafi kuwa ban ga wata garaɓasa ba. Ta Addis Ababa muka biyo, muka yi jiran da ya gajiyar da Kawu.

Jiya da aka faɗa masa kuɗin buhun shinkafa, sai da ya yi shiru, sannan ya ce, "Aiyo." Inna ta ɗauka ayya yake cewa, ta tambayi wa ya rasu.