Hanyar da Ta Rage wa Baba

Sai da muka lissafa ranakun wankin ƙoda kafin mu sa ranar tafiya asibiti. Sau uku a mako ake yi wa Baba, don haka washegarin wanki muka kama hanya tun duhun safiya, ƙanena ke tuƙi, ni da Baba muna baya. Duk inda muka tsaya sai in riƙe wuyan hannunsa in ƙirga bugun zuciya. Bai taɓa kai 40 a minti ba. Ya riga ya suma sau biyu, kuma tsorona ke nan duk tsawon hanyar.

Da muka isa asibitin, likita ya kunna mana hoton jijiyoyinsa. Na'urar daidaita bugun zuciya da aka saba da ita, a ƙarƙashin fatar ƙirji ake binne ta, a zura mata waya ta babbar jijiyar kafaɗa har cikin zuciya. To, jijiyar Baba ta hagu ta toshe saboda robobin wanki da aka yi shekaru ana sa masa. Ta dama kuwa ita ke kwashe jinin hannun da ake wankin da shi.

"Baba, wannan hannun shi ne jarinka," in ji likitan. "Ba zan taɓa shi ba."

Sai ya ɗora mini samfurin wata irin na'urar daban a tafin hannu. Micra sunanta, ba ta da waya, tsawonta bai kai santimita 3 ba, nauyinta kusan giram 2. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita. Ta jijiyar cinya ake tura ta cikin bututu, ta maƙale a ɗakin zuciya na ƙasa ta dama da 'yan ƙugiyoyi huɗu. Ya faɗa mana gaskiya, kuma na ji daɗin haka: bututun na iya huda bangon zuciya, sannan idan batirin ya ƙare bayan shekaru, sau da yawa barin ta ake yi a sa wata kusa da ita.

Baba ya daɗe yana kallon abin.

"Likita, a yi. Allah ya sa a dace."

Bayan aikin ya kwanta sa'o'i ba ya lanƙwasa ƙafa. Kafin a sallame mu, can aka yi masa wankin da ya zo.

A hanyar dawowa barci ya kwashe shi, kansa a kafaɗata. Na riƙe hannun hagun ina duba agogo: 60. Bayan mun ƙetare gada na sake ƙirgawa, 60 ɗin dai.