Ranar da na kira zakarun Afirka "'yan matanmu"

Daren 26 ga Yulin 2025 ni ke kan teburin wasanni a gidan rediyon da nake aiki. Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, sun doke Maroko uku da biyu a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka a Rabat, bayan an sha su biyu da nema kafin hutun rabin lokaci. Kofinsu na goma ke nan a Afirka. Cikin zumuɗi na rubuta: "'Yan matanmu sun yi ƙoƙari, sun faranta mana rai."

Da safe wata babbar ma'aikaciya da muke kira Anti ta aje min takardar a gaba. Ta ce, "Ƙanena, da Super Eagles ne suka farke ƙwallo biyu suka ƙara ta uku a gidan mutane, ƙoƙari za ka ce sun yi?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na koma na tono tsofaffin rahotannina, sai jikina ya yi sanyi. In maza ne, "dodon raga", "sun ragargaji", "sun yi kaca-kaca da su". In mata ne, "sun taɓuka", wani lokaci har da "duk da mata ne". Osimhen ban taɓa ce masa Victor ba, amma Oshoala, wadda sau shida tana zama gwarzuwar Afirka, a bakina Asisat ce kawai, kamar wata ƙanwata. Wasan maza "ƙwallon ƙafa" nake cewa ba ƙari, nasu kuwa sai na liƙa masa "na mata".

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne rahoton nawa babu wasan a cikinsa. Da maza ne sai na faɗi wa ya ci, wa ya ba shi, a minti na nawa. Nan ko sunan Esther Okoronkwo ban ambata ba, alhali ita ta ci fanareti, ita ta bai wa Ijamilusi ta biyu, bugun tazararta kuma Echegini ta jefa raga a minti na 88.

Yanzu kafin in miƙa rahoto nakan mayar da "ta" zuwa "ya" a zuciyata. Jimlar da ta koma abin dariya, sai in goge ta.

Na sake rubuta wancan rahoton na kai wa Anti. Ta karanta, ta tuntsire da dariya, ta ɗora yatsa kan layin farko. Ashe hannuna ya rubuta wai sun yi "namijin ƙoƙari".