Yini guda a Nashville, ni da maigida

Maigidana ya tashi da muryar Don Williams, mawaƙin country na Amurka, a kunnensa, domin mahaifinsa ba ya kama hanyar Kaduna zuwa Zariya sai kaset ɗinsa na juyawa a mota. Shi ya sa da muka je wajen 'yan'uwa a jihar Tennessee ta Amurka, ya kafe sai mun ware Asabar guda don Nashville, cibiyar kiɗan country. Ni kiɗan country bai dame ni ba, rakiya na yi.

Da sassafe muka fara da zauren kiɗa na Ryman Auditorium, kafin jama'a su yi yawa, kuma duk mai zuwa ya yi haka. Asalin ginin wurin ibadar Kirista ne. Wani mai jiragen ruwa, Thomas Ryman, wa'azi ya ratsa shi, ya tsaya tsayin daka har aka gina wurin aka buɗe shi a 1892. Bencinan katakon na nan, masu tauri kuwa. Daga 1943 zuwa 1974 a nan ake gabatar da Grand Ole Opry, shirin kiɗan country da gidan rediyon WSM ya fara a 1925 kuma har yau bai tsaya ba. Da shirin ya koma sabon gida a gefen gari, sai aka yanko wani kewayayyen yanki daga katakon dandamalin Ryman aka dasa shi can, don mawaƙan baya su taka inda na farko suka taka.

Tafiyar 'yan mintuna ce a ƙasa zuwa Country Music Hall of Fame, gidan tarihin da ake karrama gwanayen kiɗan country. Maigida ya je ya tsaya gaban allon tagulla na Don Williams, wanda aka karrama a 2010, ya ƙi motsi. Ni kuwa wani abin kiɗa mai suna banjo ne ya tsayar da ni. Fata ce aka ɗaure a kan da'ira, ga wuya ga tsirkiya. Na ce, "Malam, wannan ai ƙanin gurmi ne." Ya yi dariya, amma maganar tana da tushe: bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da duma da fata a tsibiran Karibiyan, kafin ya zama na fararen fata 'yan ƙauye. A cikin waɗanda aka karrama akwai DeFord Bailey, baƙar fata mai busa harmonika, ɗaya daga cikin taurarin Opry na farko. Wanda yake son wannan ɓangaren labarin sosai ya tsallaka gidan tarihin kiɗan baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2021, daura da Ryman yake.

Titin Broadway ban ga abin tsayawa ba. Mashaya ce jere da mashaya, kowace da makaɗanta, tagogi a buɗe, kiɗa na karo da kiɗa tun kafin azahar. Daga bakin titi ma ana jin komai, ba sai an shiga ba. Mawaƙan sun iya, kuma yawancinsu da abin da aka jefa musu a bokiti suka dogara.

Abinci ne ke son lura. Naman alade ya yi yawa a garin, kuma soyayyar kazarsu mai yaji da ake ta yabo, wasu da kitsen alade suke kwaɓa yajin, don haka a tambaya. Mu dai mota muka ɗauka zuwa Nolensville Pike, unguwar Kurdawa, waɗanda babu inda suka fi yawa a Amurka kamar Nashville. Muka sami gasasshen naman halal da burodi mai zafi, muka haɗa azahar da la'asar a masallacinsu.

Parthenon na Centennial Park, kwaikwayon tsohon haikalin birnin Atina na Girka, da aka gina a Nashville karon farko a 1897, leƙawa kawai muka yi, ƙafafuna sun riga sun gaji.

Tikitin Opry na daren Asabar tun da wuri ake saye, kuma kuɗinsa ba wasa ba. Mu a mota muka saurara a kan mita 650 AM muna komawa masauki, kai tsaye, har da tallace-tallacen da mai gabatarwa ke karantowa tsakanin mawaƙi da mawaƙi.