Rubutun masana'anta ya fito a wutsiyar Harvard

Jama'a, ya fito. Rubutun da aka buga wa jirgin samanmu na Harvard, tsohon jirgin horar da matuƙan soja da muke gyarawa, tun yana masana'anta, a gefen hagu dab da wutsiya, ya fito daga ƙarƙashin fenti hawa biyu, baƙin rubutu ƙanana a kan ruwan ɗorawa na asali, kuma ko harafi ɗaya bai goge ba. Raina fari ƙal, ba zan ɓoye muku ba, domin wannan faifan alminiyam ɗin ya sha ni ƙwarai.

Waɗanda ke bibiyar aikin sun san tsarin da muka yi tun farko: a gama cire fentin sama a gangar jiki, a koma fikafikai, daga nan a shiga mazaunin matuƙi. Tsarin nan ya watse tuni. Gaban jirgin ya yi mana sauƙin da ya yaudare mu. Injin R-1340 na Pratt & Whitney, mai silinda tara a zagaye, kowa ya san halinsa da yoyon mai, kuma man da ya yi shekaru yana fesawa baya ya bar maiƙo a jikin faifan gaba. Waɗanda suka sake yi wa jirgin fenti daga baya ba su wanke ba, ba su goga samfefa ba, suka shafa kawai. Saboda haka fentinsu bai kama ba, da an sa bakin wuƙar tiyata sai ya ɗago kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Can wajen wutsiya kuwa babu maiƙon nan. Fenti ya haɗu da fenti ya manne.

Nan ne matsalar take. Gwajin da na yi a wani ɗan lungu da ba a gani ya nuna fentin asali yana narkewa da asiton, sinadarin narka fenti, nan take, irin halin fentin naitiro na wancan zamani, alhali na saman, mai tauri, ko gezau ba ya yi. Wato abin da nake so in cire ya fi abin da nake so in ceta ƙarfi. Maganin cire fenti mai ƙarfi kuwa ba ya tambaya, duk hawa ukun zai kwashe har ƙarfe. Samfefa ma ba ta cikin lissafi, domin fatar jirgin Alclad ce, kuma tsantsar alminiyam ɗin da aka lulluɓe ta da shi siriri ne ƙwarai. Idan ka cinye shi ka buɗe wa gamin tagullar da ke ciki ƙofar ruɓewa. Da wuƙa kaɗai na fara, ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai dai duk inda na matsa sai ruwan ɗorawan ya biyo bakin wuƙar. Wallahi akwai yammacin da na ajiye kayan na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne lokaci. Na koma ga maganin cire fenti mai sanyin aiki, irin na benzil, mai kauri wanda ba ya kwarara. Ina shata murabba'i kamar faɗin tafin yatsa biyu, in shafa siriri, in zuba ido. Akwai ɗan taƙin da hawan sama yake yin laushi ya fara yamutsewa alhali maganin bai isa ƙasa ba. A daidai nan nake kwashe shi da ɗan tsinken gora mai faɗin baki, in goge wurin da busasshiyar auduga, in bar shi ya kwana. Hawa na biyu ba na sake sa masa magani ko kaɗan. Ya riga ya ɗan saki, don haka washegari wuƙa a kwance, kusan manne da faifan, tana ɗaga shi guntu-guntu. Idan ka yi gaggawar komawa kansa a ranar, fentin asali yana da taushi, za ka bar masa tabo. A kan haruffan kansu ban yarda magani ya taɓa ba, na kewaye su, na bi da wuƙa kawai.

Bakin wuƙa ya ci kuɗi fiye da yadda na zata, domin da ya ɗan dakushe sai ya fara ja maimakon yanka, dole a canza. Matatun takunkumin numfashi sun fi zafi a aljihu, amma ba abin da za a yi tsimi a kai ba ne: ƙarƙashin ruwan ɗorawan akwai shimfiɗar zinc chromate, fentin ƙasa mai hana ruɓewa, kuma ƙurarta tana jawo ciwon daji. Haka agogunan mazaunin matuƙi, ban bari an buɗe ko ɗaya ba, saboda fentin radiyam da ke fuskar irinsu bai daina fitar da tururin radiyeshan mai cutarwa ba ko da ya daina haske a duhu.

Na san cikinmu akwai masu ganin wannan wahala ce kawai. An ƙera irin wannan jirgi fiye da 15,000 tun daga samfurinsa na farko da ya tashi a 1935, Amurka na kiransa T-6 Texan, ƙasashen renon Ingila na kiransa Harvard, sojan saman Afirka ta Kudu ma sai 1995 suka ajiye nasu. Suna cewa jirgin da ke da yawa haka a kankare shi a fesa sabo ya yi ƙyalli. Ni ban yarda ba. Masu ƙyallin sun cika duniya, wanda ke ɗauke da fentin da ma'aikacin masana'anta ya fesa da hannunsa shi ne ya yi ƙaranci. Gidan tarihin sojan ruwan Ingila da ke Yeovilton ya nuna hanya da jirgin yaƙi ƙirar Corsair mai lamba KD431, inda suka bi sannu suka cire fentin shekarun 1960 suka tarar da na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana nan. Gidan tarihin Smithsonian na Amurka ma ba su sake wa Flak-Bait fenti ba, jirgin jefa bom ƙirar B-26 da ya yi fita yaƙi sama da 200, sun bar shi da facinsa da ƙujewarsa. Sabon fenti kullum ana iya fesawa, wanda aka kankare kuwa ya tafi ke nan.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Ƙasan layin rubutun, gefen jerin ribit, ƙusoshin da ke riƙe faifan, akwai siraran layuka masu kama da zare suna tafiya ƙarƙashin fentin asali, da farin gari a bakinsu. Ruɓewar alminiyam ce mai bin ƙarƙashin fenti inda danshi ya samu hanya. Burushin waya na ƙarfe ba zai je wurin ba, zai bar ɓurɓushin da zai haifar da wata ruɓewar. Ina tunanin alƙalamin zaren gilashi a kan layukan kaɗai, sannan kakin Renaissance, na adana kayan tarihi, a rufe. Abin da ke damuna shi ne fentin da ya ɗago a gefensu. Paraloid B-72, ƙaron masu adana kayan tarihi, shi ne aka saba manne irinsa da shi, amma yawanci a asiton ake narka shi, kuma kun ji abin da asiton ke yi wa wannan fenti. Wanda ya taɓa narka shi a zailin, wani sinadarin narkawa daban, ya gwada a kan fentin naitiro, don Allah ya gaya mini yadda ya kasance kafin in taɓa wurin. Mun dai matsar da na'urar rage danshi kusa da wutsiyar, faifan kuma na lulluɓe shi.