Rediyo uku na saya kafin na san abin da ya kamata in tambaya

Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, da rediyo yake kwana kuma da ita yake tashi. Tsohuwar akwatinsa irin mai allurar nan ce da ake murɗawa a hankali har a dace da tasha, kuma da idanunsa suka fara rauni sai ya zamana labaran safe kan yi nisa yana nan yana lalube. Wannan ne ya sa na ƙudura saya masa rediyo mai nuna lamba, wadda za a adana masa tashoshinsa a ciki, ya danna maɓalli ɗaya ya samu abin da yake so. Niyyar mai kyau ce, amma sai da na yi asarar kuɗi har sau biyu, shi ya sa nake so ƙannena masu shirin yi wa iyayensu ko kansu irin wannan sayayya su ji inda na yi tuntuɓe.

Ta farko a kasuwar Wunti na same ta, wajen masu kayan lantarki na gwanjo. Daga Ingila aka kawo ta, tana da nauyi a hannu, lasifikarta na da daɗin amo, kuma an rubuta DAB da manyan haruffa a goshinta. Mai shagon ya ce mini, "Malam, wannan ita ce dijital ta ainihi," kuma bai yi ƙarya ba, ni ne ban san ma'anar maganar ba. DAB wata hanya ce ta daban ta watsa shirye-shirye, wadda ke aiki tsakanin megahaz 174 zuwa 240, kuma sai gidan rediyo ya kafa na'urar watsa ta kafin akwatinka ya kama komai. A Ingila da Jamus ana amfani da ita sosai, Norway ma ta rufe tashoshin FM na ƙasa a shekarar 2017 ta koma kanta. Mu kuwa a Bauchi babu tashar da ke watsa shiri ta wannan hanya, don haka da na danna maɓallin bincike a tsakar gidanmu, rediyon ta yi ta nema har ta gama ba ta samo ko ɗaya ba. Ɓangarenta na FM ya yi aiki, amma ba ta da gajeren zango kwata-kwata, alhali shi ne abin da Baba ya fi bukata. Ya juya ta a hannunsa, ya tambaye ni a ina mita 19 take, na rasa amsar da zan ba shi.

A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya natsu, domin kalmar dijital a jikin kwali tana iya nufin abu biyu. Tana iya nufin hanyar watsa shirin, kamar DAB ko HD Radio ta Amurka, waɗanda ba su da amfani a ɗakunanmu a yanzu. Tana kuma iya nufin yadda ake kamo tasha kawai, wato rediyon tana karɓar FM da MW (matsakaicin zango) da SW (gajeren zango) da muka saba da su, sai dai tana nuna lambar tashar a ɗan allo, tana tsayawa daram a kanta ba tare da zamewa ba, kuma tana iya adana ta. Wannan ta biyun ita ce wadda gidajenmu suke bukata. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da na Muryar Jamus da ya biyo baya a 1963, ta gajeren zango suka shiga ƙauyukanmu, kuma har yau dattijon da ke nesa da gari, inda FM ke raunana, da shi yake dogara. Ku duba bayan akwatin ko gefen kwalin ku tabbatar SW ɗinta ya taso daga wajen megahaz 5.9 ya kai 18, domin hakan ne zai haɗa mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 da 16. Da rana manyan lambobin megahaz sun fi kamawa, da dare kuma ƙanana, saboda haka rediyon da ta gutsure wani ɓangare za ta bar ku da shiru a wani lokaci na yini.

Rediyo ta biyu wani abokina ne ya sayar mini da ita, an aiko masa daga Amurka. Tana da dukkan zangunan, amma a MW tana tsallake kilohaz goma-goma ne, kamar yadda tsarin can yake, mu kuma a Afirka tara-tara ake jera tashoshi. Rediyon Tarayya na Kaduna da muka taso muna ji a kan kilohaz 594 sai ya faɗa tsakanin 590 da 600, ba ta iya sauka a kansa. Wasu akwatunan suna da ɗan makunni a cikin gidan batir ko a cikin saiti na sauya tsallaken daga 10 zuwa 9, wannan ba ta da shi. Kafin in gama takaicin wannan, ƙanena ya jona cajarta a bango ba tare da ya karanta ba, cajar kuwa ta wutar bolt 120 ce, tamu 230, nan take ta yi ƙauri ta mutu tare da wani abu a cikin rediyon. Laifin nawa ne, domin ni ya kamata in karanta ƙananan rubutun in gargaɗe shi tun ranar da ta shigo gidan.

Sai a karo na uku na je wurin wani tsohon mai gyaran rediyo a unguwarmu na yi masa bayani. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Ɗana, waɗanne tashoshi Malam yake ji, kuma a wane ɗaki?" Ya ja kunnena game da akwatunan da aka cika wa tocila da fitilu masu walƙiya da wurin saka memori, ya ce yawanci kuɗin a kan waɗannan yake ƙarewa, a bar abin kamun tasha da rauni. Ya kuma nuna mini muhimmancin batir. Rediyo mai allo ta fi mai allura cin wuta, kuma wadda aka rufe batirinta a ciki, ranar da ya gaji sai an farke ta. Gara wadda ke ɗaukar batir mai lamba 18650 ko BL-5C irin na tsofaffin wayoyin Nokia, waɗanda ake samu a kowace kasuwa, ko kuma wadda ke cin batiran yau da kullum idan an kwana biyu babu wuta. Batirin da ba na caji ba kuma kada a bar shi a ciki idan za a ajiye akwatin, domin ruwansa yana cinye ƙarafunan.

Da na koma kasuwa ban yarda na biya ba sai da aka saka batir na gwada da hannuna. Na kamo Albarka a kan 97.5, na matsa zuwa Globe FM a kan 98.5, na saurara ko muryar ɗaya tana kutsawa cikin ɗaya. Na duba girman lambobin allon da tazarar maɓallan, ina tuna idanun Baba da yatsunsa, na kuma zaro eriyar har ƙarshe na ji ko gindinta yana rawa. Gajeren zango ba ya gwaduwa da kyau a kasuwa saboda janaretoci, don haka muka yi sharaɗi da mai shagon cewa zan kwana da ita, idan ba ta yi ba in dawo masa da ita washegari.

A daren nan ma na kusa yi mata rashin adalci, domin da na kunna SW a ɗakin Baba sai shuu kawai da ƙara kamar ana soya abu. Har na fara mayar da ita kwali, sai aka ɗauke wuta, nan take muryar mai karanta labarai ta fito tar. Ashe cajar waya da ke jone kusa da gadonsa da ƙwan fitilar ɗakin ne suke haddasa ƙarar, kuma inbata ma tana yin haka. Muka matsar da cajar zuwa falo, muka ɗaura siririyar waya mai tsawon kamu goma a kan eriyar, muka fitar da ita ta taga zuwa reshen dogon yaron da ke tsakar gida. Don MW kuwa akwatin ake juyawa gaba ɗaya har sauti ya washe, saboda eriyarsa sanda ce da ke kwance a ciki.

Yanzu tashoshi biyar na adana masa, na rubuta lambobinsu da babban rubutu a takarda na manna a bayan akwatin, wanda mahaifiyata ta ɗinka wa riga saboda ƙurar hunturu. Tashoshin gajeren zango sukan sauya lambobinsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, don haka duk lokacin da Baba ya aiko a ce mini rediyonsa ta yi shiru, nakan je bayan sallar isha'i in nemo sababbin lambobin, in sake adana su, in canja takardar.