Asabar a Castleshaw, ni da Kawu

Yau ba aiki, Kawu kuma tun da ya zo Manchesta ba abin da yake sai zaman falo da kallon labarai, ya gaji da gida nima na gaji da ganinshi a takure, sai na ce Kawu tashi mu je in nuna maka barikin soja. Tsohon soja ne ai, yana jin bariki ya miƙe ya hau neman hular sanyi. Ban dai gaya mishi masu barikin sojojin tsohuwar Daular Rum ne da suka yi wajen shekara 1,900 da tashi ba.

Muka bi ta Oldham muka hau titin A62, daga ƙauyen Delph hanya ta tsuke, katangar dutse hagu da dama, muka ajiye mota kusa da dam ɗin Castleshaw muka hau tudu da ƙafa. Wajen irin tuddan nan ne na arewacin Ingila da ba bishiya ba gona, ciyawa ce kawai mai kauri ta yi ruwan ƙasa, ƙasar kuma baƙa ce jiƙe sharkaf, kana takawa ruwa na fitowa ta gefen takalmi. Tumaki ko'ina, ko kallonmu ba su yi ba. Iska kuwa wallahi ba ta hutawa, magana ma sai ka ɗaga murya.

Da muka iso Kawu ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma ya ce, "Kai yaro, ina barikin?" Na ce ai muna cikinshi Kawu. Ya ce in daina mishi shaƙiyanci.

Gaskiya ban ga laifinshi ba, don ba gini ko ɗaya a tsaye. Abin da ya rage tudun ƙasa ne mai kusurwa huɗu wanda ciyawa ta rufe, da alamar gwalalo a bayanshi, sai alluna masu bayani. Wanda ya san inda ganuwar Kano ta zaizaye ta koma ɗan tudu da yara ke hawa, to kusan haka. Dalili kuwa Rumawa ba da dutse suka gina nan ba, ƙasa suke yankowa da ciyawarta faifai-faifai su jera ta yi tsayi, su kafa shingen katako a kai, ɗakunan ciki ma duk katako. Katako a irin wannan damshi ai ba ya kai labari.

Sansanin farko wajen shekara ta 79 Miladiyya aka yi shi, lokacin Agricola na gwamnan Rum a Birtaniya yana ta tura sojoji arewa cikin ƙasar ƙabilar Brigantes. Zai ɗauki soja kamar 500. Bai daɗe ba, cikin shekarun 90 suka bar shi, wajen 105 kuma suka dawo suka yi ƙarami a cikin tsohon, wanda mutanen ciki ba su kai 100 ba, shi ne ma ake ganin fasalinshi sosai yanzu. Shi ma cikin shekarun 120 aka tashi, daidai lokacin da sarki Hadrian ya sa aka fara katangarshi can arewa a 122, sojoji suka koma can.

Ina cikin karanto mishi allo yana ta ƙunƙuni, can sai na ga ya yi shiru ya hau kan ganuwar ya sa hannu a baya yana kallon kwarin. Ya ce, "Wanda ya zaɓi wajen nan ya san aikinshi. Duba, duk wanda zai hawo daga ƙasa sai ka ganshi tun yana nesa, ga ruwa kusa, ga hanya dole ta nan za ta bi ta tsallake dutsen." Kuma haka ne, titin Rumawa da ya tashi daga Chester zuwa York ta nan ya bi ya haura tudun Standedge, sansanin Manchesta da suke kira Mamucium na baya da mil 16, tafiyar yini ga soja da kayanshi, na gaba kuma yana Slack kusa da Huddersfield. Zango ne, aikinshi tsaron hanya. Kawu ya ce shi ya yi irin wannan zaman, a ajiye ku a daji ku tsare titi, wata da watanni ba yaƙi ba komai sai gadi da sanyi da jiran motar abinci, wai shi ne aikin soja na gaskiya da ba a sawa a fim.

Abin da ya fi tsaya min a rai rumbun ne. A ƙaramin sansanin nan masu haƙa sun samu rumbun hatsi da ya yi wa yawan mutanen ciki girma, ga tanderu, ga ɗakin aikin hannu, har da ɗaki mai ɗumama daga ƙarƙashi, wato a ɗora daɓe kan 'yan ginshiƙai a hura wuta a gefe zafi ya riƙa bi ta ƙasa. Kawu ya ce ko ba a faɗa ba wannan na oga ne, kurata kuwa su takwas-takwas a ɗaki su ɗumama juna. Alkama ake ba sojan Rum tsaba, shi zai niƙa a dutse ya gasa burodinshi, to ka lissafa buhu nawa ake turowa kan tudun nan da alfadarai cikin laka, don ba abin da za ka noma a nan ya ciyar da bataliya. Ni a ganina duk girman da ake ba Daular Rum, irin wannan wahalar ce ta riƙe ta, titi da rumbu da mutumin da aka ajiye yana ƙirga buhu.

Kuma masu zaman nan yawanci ba 'yan Italiya ba ne, sojojin taimako ne da ake ɗiba daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, yankin Faransa, Sifaniya da sauransu, ka yi shekara 25 kana bauta sannan a ba ka takardar zama ɗan ƙasa. Da na faɗi haka Kawu ya tuntsire da dariya ya ce, "To ku da kuke nan kuna jiran takarda me ya raba ku?" Na ce namu bai kai 25 ba dai Kawu. Na ƙara mishi da cewa a ƙarni na 3 har 'yan Afirka ta Arewa an ajiye a katangar Hadrian, wajen Burgh by Sands, ya ce Allah sarki, ko da wane bargo suka zo.

Yayyafi ya fara, muka ɗan laɓe bayan wata katanga muka sha shayin fulas da ƙosan da Anti ta soya da safe, ya yi sanyi ƙalau amma mun cinye. La'asar a mota muka yi ta don ba inda za ka shimfiɗa darduma bai jiƙe ba. A hanyar dawowa sai cewa ya yi shi fa sai ya ga katangar Hadrian ɗin kafin ya koma gida, na ce Kawu can sai an je Newcastle ko Carlisle, ba nan kusa ba ne, ya ce shi bai tambaye ni nisa ba. Yanzu haka ina duba kuɗin jirgin ƙasa a waya, tab, gara dai in zuba mai mu tafi da mota.